Inda Nake Dukan Bango

A farkon shekarun alif ɗari tara da sittin ina zaune a Jarwal, wata unguwa a Makka, cikin wani ɗaki da aka haɗa da katako da buɗaɗɗun garewanin kananzir. Ba ni da mata, ba ni da dangi ko ɗaya a Makka. Aikina shara da dafa shayi a wata makarantar yara, kuma da yake na iya karanta Larabci, ina jin kaina sama da duk Bahaushen da ke unguwar. Ba na zama a majalisarsu, su ma ba su matsa mini ba. In na dawo daga aiki sai in ja ƙofa, in ci burodi da wake ni kaɗai, in buɗe littafin aro.

Abu ɗaya nake nema a duniya a lokacin, wato in sake jin taken mahaifina. Manomi ne a wani ƙauye gabas da Kano, irin wanda in an yi gayya makaɗin noma ke bin bayansa da ganga. Yana da kiɗansa na kansa, wanda ba a buga wa kowa sai shi. Ina ɗan shekara biyar muka baro gida da niyyar Hajji, muka ratsa Cadi, ya rasu a gonakin auduga na Sudan. Mahaifiyata ta kawo ni Makka, ita ma ba ta daɗe ba. Ina iya tuna bayansa a sunkuye da garma, da yadda yake ƙara wuta in ganga ta kira shi, amma sautin ya ɓace mini sam. Ban gaji komai daga gare shi ba, ko hula.

Wanda yake buga masa wannan taken yana nan da rai, kuma falle ɗaya na katako ne ya raba ɗakina da nasa. Tsoho ne siriri mai ƙaramar murya, ayarinmu ɗaya daga ƙauye. Ranar da ya fara ganin Ka'aba ya rantse ba zai ƙara taɓa ganga ba, ya koma ƙera fitilu da butoci daga tsofaffin garewani. Saboda shi na kama ɗakin nan, ba don komai ba. Na roƙe shi ya fi a ƙirga.

"Baba, sau ɗaya tak. Ko a ƙwarya ne."

"Halas, ɗan nan, na ajiye kiɗa," haka yake cewa, idonsa a kan gwangwani. "Ka dai buɗe kunnenka, ya waladi."

Nakan tashi raina a ɓace, ina cewa a zuciyata tsoho ya mayar da rowa ibada. Abin da ya ƙara min haushi shi ne gudumarsa. Kullum da mun dawo daga sallar asuba, daidai lokacin da nake so in ɗan runtsa kafin tafiya aiki, sai ya fara ƙwanƙwasa garwa. Ni kuma in ɗaga tafin hannu in maka wa bangon sau biyu. Nan take yakan tsaya, ba zan ƙara jin motsinsa ba sai rana ta ɗaga. Shekara uku muna haka, ban taɓa fashi ba, shi ma bai taɓa fashi ba.

A makarantar akwai wani ustazu mutumin Sham da ke koyar da lissafi, ya baro iyalinsa can. Kaɗaici ne ya haɗa mu. Yana da rediyo mai kamo tashoshin nesa, kuma bayan la'asar in kowa ya watse mukan rufe taga mu kunna ƙasa-ƙasa. A nan na fara jin kiɗan samarin Turai da suke kira rok. Waƙar ba ta dame ni ba, ihu ne kawai a kunnena, amma makaɗan sun kama ni. Ustaz ya nuna mini hoto a wata mujalla, mutum ɗaya zaune a tsakiyar ganguna biyar da fayafayan tagulla, yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu. Na ce wannan a ƙauyenmu aikin mutum huɗu ne, kuma sai sun yi faɗa.

Ustaz ya karanta littattafan mutanen Yunan na da, kuma da su yake auna komai, har shayina. Sai ya yi istigfari tukuna, sannan ya ce a tatsuniyoyin jahiliyyarsu akwai gumaka biyu 'ya'yan uba ɗaya. Ɗaya na haske ne da tsari da ma'auni. Ɗayan na giya ne da fita hayyaci, mata na binsa kan duwatsu suna kaɗa ganguna har su manta gidajensu. Na ce masa wannan na biyun ai mun san shi, bori ke nan, sai dai nasu ya yi karatu. Ya yi dariya har ya sarƙe.

Daga nan muka mayar da abin wasa. Duk makaɗin da rediyo ta kawo sai mun yanke masa hukunci. Akwai wanda bugunsa ba ya gaba ba ya baya, kamar takun mai ɗebo ruwa da ya saba da hanya, sauran 'yan ƙungiyar duk a kansa suke jingina. Ustaz ya ce wannan ɗan gidan haske ne. Akwai wani kuma da ke afka wa gangunan gaba ɗaya, ya wuce waƙar ya dawo ya same ta, ka rantse zai fasa su kafin a gama. Wannan ɗan gidan giya ne. Ustaz na son na farko da baki, amma na lura in na biyun ya zo ƙafarsa ce ke fara motsi. Ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, muryar mai gabatarwa takan nutse cikin ƙarar iska.

Ni kuma na kwaso wannan ma'auni na kawo unguwa, na ɗora wa makaɗan Jarwal biyu da na sani. Ɗaya wani ƙaton Bahaushe ne ɗan haihuwar Sudan, dako yake yi a kasuwa, amma ranar Idi in samari sun taru wasan sanda shi ke riƙe da ganga. In ya fara sai jijiyoyin wuyansa su miƙe, ba ya jin kira. Na sa shi gidan giya, na kuma raina shi yadda ya kamata mai karatu ya raina ɗan dako. Maƙwabcina tsoho kuwa na rasa inda zan sa shi. Na ce wa Ustaz akwai gida na uku da Yunanawa suka manta, gidan makaɗin da ya ƙi kiɗa.

Ranar ce ya ba ni labarin wani mai hikima daga cikinsu, wanda ya wuce ta maƙera ya ji gudumomi na fitar da sauti daban-daban, daga nan ya gane sauti ma yana da lissafi. Almajiransa suka ce taurari ma suna kiɗa a tafiyarsu. Na ce to me ya sa ba ma ji? Ustaz ya ce amsar da suka bayar ita ce tun ranar da aka haife mu yake cikin kunnenmu, ba mu taɓa jin shiru ba balle mu bambance, kamar maƙerin da ya daina jin gudumarsa. Na ce, "Ya Ustaz, wannan bai zauna kusa da maƙeri ba. Ni ina jin nawa sarai, kuma kullum sai na tsayar da shi." Na ji daɗin wannan amsa tawa ƙwarai, har na rubuta ta a bayan littafi.

Da aka yi hutun zafi Ustaz ya tafi ganin iyalinsa, bai dawo ba, rediyon ma da shi ya tafi. Bayan tafiyarsa da mako kaɗan zazzaɓi ya kwantar da tsohon. Kwana huɗu ya yi. Na leƙa shi sau ɗaya na kai masa lemo, kuma Allah ya sani har a nan sai da na so in sake roƙonsa, kunya ta hana ni. Da ya rasu muka sallace shi a Harami bayan azahar, muka kai shi makwancinsa, na dawo na ja ƙofata.

Washegari na dawo daga asuba na kwanta, ga shiru yadda na daɗe ina nema, barci ya ƙi zuwa. Na ga hannuna ya ɗagu zai daki bango ba tare da an yi komai ba. Haka na yi ta yi kwana da kwanaki. Ban taɓa sanin ɗakin nan ba kowa a cikinsa ba sai a wannan makon.

Ranar sadakar bakwai na fita na zauna da mutanen unguwa a ƙofar ɗakinsa, abin da ban saba ba. An jera garewaninsa da bai gama ba a gefe, ɗaya na kusa da gwiwata. Ana hira, ashe yatsuna suna ƙwanƙwasa garwar ban sani ba. Ɗan dakon nan mai gangar Idi yana zaune daura da ni. Ya daina tauna dabino ya zuba mini ido.

"Ya Ustaz," haka yake kirana don tsokana, "ci gaba mana. Ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran taken. Wannan ai hannun Baba ne, Allah ya jiƙansa. Taken noma ne, na babanka."

Na ce masa ba ya cikin hankalinsa, wannan ƙarar gyaran garwa ce da ta hana ni barci shekara uku. Ya girgiza kai, ya matso ya rage murya don kada sauran su ji.

"Wallahil azim, da bakinsa ya gaya min. Ya ce ya rantse a kan ganga, amma gwangwani ba ganga ba ne, kuma shi aiki yake yi. Kullum da shi yake buɗe aiki, saboda kai."

"To me ya hana shi gaya mini? Ina roƙonsa kamar maroƙi!"

"Esh hada, mene ne haka, kai da karatunka? Ai ba a gaya wa mutum ga takensa. Bugawa ake yi, mai shi ya tashi. Ya ce in jinin ya ji zai fito da kansa."

Na kama hannunsa, wannan hannun da na raina, na ce ya buga mini sauran. Ya ce bai sani ba. Ya taɓa roƙon tsohon ya koya masa, tsohon ya ce a'a, abin yana da mai shi. Farkon kawai ya taɓa ji, wata safiya da ya biyo ta lungun zai tafi kasuwa. Ya ce yana tsaye yana saurare sai ya ji wani ya daki bango daga ciki, kiɗan ya tsaya.

Ban ce masa ni ne ba, amma ya sani, duk unguwar sun san ɗakin wane ne. Na tashi na shiga ciki, na zauna a bakin tabarma na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi. Na ji kunya, na ji haushin tsohon da taurin kansa, na fi jin haushin kaina. Na zauna da baƙo muna rarraba makaɗan da ba mu taɓa gani ba gida-gida, ga wanda ya san mahaifina yana kirana ta bayan katako kowace safiya, ni kuma ina amsa masa da tafin hannu.

Na ɗauki garwa ɗaya daga cikin nasa, har yanzu tana wurina. Na tambayi tsofaffin alhazan da ke zuwa daga wajen ƙauyenmu shekara da shekaru, na buga musu abin da nake da shi, babu wanda ya san ƙarshensa. Wasu ma sun ce an daina gayya da ganga a can. Yanzu na fi tsohon shekaru a lokacin da ya rasu, kuma bayan asuba nakan jawo garwar in buga a hankali. Farkon yana fita daidai, ban taɓa kuskure ko bugu ɗaya ba, har in zo inda nake dukan bango. A nan hannuna yake tsayawa.