Tutar Tsamiya da Guraben Baba Tambaya

Kai in ana maganar lambun shaƙatawa na wajen Damba nan Gusau ba a faɗi Baba Tambaya ba to ba a ce komi ba wallahi. Mutumin Mada ne, direba ne da, shi ka jigila Gusau zuwa Tsafe tun titin bai san kwalta mai kyau ba, har ido ya gaza ya aje mota. Da ya aje sai ya kama dara. Gindin tsamiyar lambun nan ya haƙa gurabenai da ɗan yatsa, shi da abokinai Malam Idris, ɗaya tsinke ɗaya dutse, wanda ya jera uku ya ci ɗan wani, haka kullum bayan la'asar. To Malam Idris Allah ya yi mishi rasuwa, sauran tsoffin kuma wanga ƙafa wancan 'ya'ya sun hana shi fita. Baba ya koma shi ɗai, ya share gurabe ya jera tsinke ya jera dutse ya zauna yana kallon ƙofa. Ba wanda ka shigowa sai awaki. Abin da ka cin ranai kenan, kada ya mutu darar ta bi shi.

Rannan sai ga samari sun ɓarko lambun kowa kai duƙe cikin waya, suna tafiya suna juyi awa masu neman kaza. Kai tsaye sai tsamiya, ɗaya ya taka gurabe da takalmi ya baje su.

Baba ya ce kai ɗan wa, makaho ne kai?

Yaron sunanai Salisu, mai gyaran babur ne, ya duƙa ya ce Baba yi haƙuri wasa ne, cikin waya akwai tuta gindin itacen ga, sai mutum ya zo da ƙafarshi ya tsaya cikin inuwar har ma'aunin da ke cikin waya ya cika sannan tuta ta zama ta garinsu. 'Yan Bungudu da 'yan Tsafe na son ƙwace ta.

Baba ya leƙa sama ya leƙa waya ya ce tuta? Shekarata nawa nan ban ga ko tsumma ba. Ku dai ce aljanun tsamiya sun yi rijista.

Sunka bushe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce to ku ji dokar wurin ga tun ba a haife ku ba, ba a tsayuwa kan dara. In inuwa kake so zauna ka buga, in an cinye ka ka tashi ka ba wani.

Salisu ya zauna don tuta ba don dara ba, kafin ma'aunin waya ya yi rabi Baba ya lashe shi tas. Tashi! Na biyu ya zauna, tashi! Ran nan ba wanda ya kama komi, sunka tahi suna gunguni wai tsoho ya fi sabis tsanani. Wanshekare sai ga su sun dawo, Salisu har da tsinkayenai a aljihu, ya ce Baba koya min yadda zan daɗe. Baba ya ce yauwa yanzu kaz zo.

Haka fa abin ya kama. Lambun da awaki ka kwana ya cika, mai rake ya zo mai awara ta kafa kasko bakin ƙofa, yara na guje-guje, masu jiran layi sunka haƙa nasu gurabe gefe suna gwaji. Da Salisu ya ga ba mai iya tada Baba sai ya yi dabara, ya zura wayarshi aljihun Baba, tunda shi ba mai fidda shi inuwar. Shi kenan tuta ta zauna Gusau daram. 'Yan Bungudu sunka cika mota sunka zo da kuri, Baba ya tashe su ɗaya ɗaya yana cewa ku gaida gida, ku ce Tambaya na gaisuwa.

Amma akwai wani Amos ɗan Tsafe, babanshi malamin asibiti ne, shi bai da surutu. An cinye shi ya tashi, ya koma bayan Baba ya tsuguna yana kallon hannu. Asabar ta zo ya dawo, an cinye shi. Wata Asabar haka. Ashe can Kucheri wajen Tsafe ya samu wani tsoho yana zuwa suna bugawa.

Ran da abin zai faru lambu maƙil. Amos ya zauna ya ce Baba ina wuni, yau da wayata zan tahi da tuta. Baba ya ce da bakinka dai. Sunka zuba. Baba ya ci ɗaya, Amos ya ci ɗaya, Amos ya ƙara, har mai awara ta bar kasko ta taho. Salisu na ta raɗa Baba don Allah tutarmu, Baba dubi can, Baba ya ce rufa min baki ba a koya ma kifi iyo. Sai Amos ya tura dutse ɗaya ya rufe hanya, ya jera uku, ya sake jerawa. Tsinken Baba ya ƙare.

Baba ya dubi gurabe. Sai ya kwashe da dariya har hula ta faɗi, ya ce tun Idris ba wanda ya yi min haka! Ya zaro waya ya miƙa ma Salisu ya kakkaɓe riga ya tashi da kanshi.

Salisu kamar ya yi kuka, ya ce Baba tuta ta tahi Tsafe fa.

Baba ya ce ta tahi mana, ba mota ta hau ba, tana nan gindin tsamiya. Zauna ka karɓo ta. Ya zaga ya bi bayan layi ya tsaya, yana taɓa kafaɗar na gabanshi wai ɗana yi sauri a cinye ka, ina da ramuwa.