Tsakanin Boston da Faris Babu Wurin Tsayawa

A gidanmu haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Haka aka yi mini a Durba, haka na yi wa 'ya'yana mata uku a nan Rano. Saboda haka da autata ta bugo waya daga Amurka, inda mijinta yake karatu, ta ce cikinta ya shiga wata bakwai, ban tsaya tambayar kowa ba. Na ce ta taho gida wanka.

Mijin ya karɓi wayar, yana ta "Inna, a duba dai." Na ce masa ni na haife ta, ba shi ba. Yaro ne mai kunya, shi ya sa na ba shi ita.

Bayan kwana biyu ta sake kira, tana lissafa mini hanya. Daga garinsu, Boston, jirgi zai kai ta Faris ta ƙasar Faransa, can ta sauya wani zuwa Abuja. Na tambaye ta Boston da Faris tafiyar nawa ce. Ta ce kamar awa bakwai. Ni ban san awa ba, sai ta ce daga hantsi zuwa la'asar.

Na ce, "To ai da sauƙi. A wane gari ake tsayawa salla?"

Ta yi dariya. "Inna, ba a tsayawa."

"Ko direban ya sha ruwa?"

"Ruwan ne ma a ƙasa, Inna. Teku ce kusan duk hanyar."

Na ce, "Idan naƙuda ta taso fa, ina zai ajiye ki?"

Nan dariyar ta ƙare.

Na san abin da nake tambaya. Wata shekara muna dawowa daga Kahu a motar kasuwa, naƙuda ta kama wata Bafulatana. Muka buga wa direba jikin mota ya tsaya gindin wata tsamiya, maza suka yi nisa, muka kewaye ta da zannuwa. Ni na yanke cibiya. Ko'ina mace take, in dai akwai ƙasa a ƙarƙashinta da mata a kusa, da sauƙi. Ashe ni ce nake kiran 'yata ta bi hanyar da babu ƙasa.

Na ce ta ba ni mijin. Na ce masa kada ya kuskura ya sa ta a jirgin nan. Ya ce, "To, Inna," da sauri, har na ji haushin saurin.

Can ta haihu, mace. Kwana arba'in kullum sai na sa ta kira ni ta bidiyo, ta ɗora wayar a bakin banɗaki na ga tururin ruwan wankan jegon da idona. Sau biyu na kama ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi, na sa ta sake dafawa.