Jan Zanen Gwaggo a Gefen Ɗorawa

Gwaggo, yayar Babanmu, ta gaji ɗorawa guda ɗaya daga mahaifiyarta. Bishiyar tana cikin gonar maƙwabcinmu, kuma a ƙauyenmu wannan ba komai ba ne: ƙasa ta wani, bishiya ta wani. Shi ya noma geronsa, ita ta ɗebi kalwarta ta yi daddawa. Daddawar nan ce cinta da suturarta, har kasuwar Tsanyawa an san ta.

Sai maƙwabcin ya tashi sayar da gonar ga wani Alhaji mai hatsi a Dawanau. Gonar tana da takardar mallaka, kuma aka ce lauyan Alhaji ko ƙauyen bai taka ba, daga ofis ya shiga wani shafin filaye a intanet ya ga sunan mai ita da iyakarta. Ni kuwa ina koyarwa a Bici, ga rawar kai. Da na zo gida na buɗe shafin a wayata, na tara mutane ina nuna musu gonar, hoto daga sama, an zagaye ta da layi.

Gwaggo ta matso tana ƙanƙance ido. "Ina ɗorawata?"

Na nuna mata wani ɗan dunƙule kore a cikin layin.

"To ina aka sa tawa ce?"

"Ba a sa ba, Gwaggo."

"La'ilaha illallahu! Wato duniya duk tana kallo, ana cewa ta Alhaji ce? Wa ya ɗauki hoton?"

Na ce tauraron ɗan'adam ne, yana wucewa ta sama lokaci-lokaci. Ta gyaɗa kai.

Washegari ta ɗauki tabarma da butarta ta tare a gindin bishiyar, wai in tauraron ya zo wucewa ya ga mai ita. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Gwaggo, daga sama ai ganye kawai zai gani." Ta ce, "Ka ji ɗan banza, sai yanzu kake faɗa?" Ta ja tabarmar zuwa fili, ta shimfiɗa wani jan zanenta na biki, ta danne shi da duwatsu. Bazara ce fa, rana kamar ta dafa mutum. Babanmu ya yi lallashi har ya gaji. Kullum da hantsi tana can tana ɓarar kalwa, jifa-jifa ta ɗaga kai ta harari sama.

A haka Alhaji ya same ta ranar da ya zo ganin gona. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi lafiya. Ta zayyane masa komai. Bawan Allah ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Inna, ai ni ma ɗan ƙauye ne. Tsamiyar tsohuwata har gobe tana gonar mutane. Ɗorawa taki ce, kuma zan sa lauya ya rubuta a gaban dagaci. Amma fa daddawata kada ta yanke."

"Kai ka ji, Allah ya yi maka albarka," in ji Gwaggo. "Na saman fa?" Ba ta naɗe zanen nan ba sai da ruwa ya sauka.

Alhaji ya cika alkawari, ta ci gaba da ɗibar kalwarta har ƙarshen ranta. Bara Allah ya yi mata rasuwa.

Kwanaki wani abokin aikina zai sayi fili, ya ce in koya masa duba shafin. Na ce bari in gwada masa da ƙauyenmu. Ashe an sabunta hoton ban sani ba. Ga layin gonar, ga sunan Alhaji, ga dunƙulen kore, sannan a gefensa ga wani ɗan ɗigo ja. Wallahi dariya na fara yi, sai ga hawaye. Abokina ya ce mene ne wannan jan? Na ce masa mai bishiyar ce.