Juma'ar da Goggo Ta Ƙi Rerawa

Jiya ƙamshin gabu, busasshen ganyen albasa, ya buge ni a kasuwar Bodinga, sai na gan ni zaune gaban Goggo, yayar mahaifina, a Dandin Mahe. Kowace Juma'a bayan la'asar takan tara mu matan gida, tana murza gabu, ta rera baiti kan abin da ta gani a makon, ko tsadar sabulu, ko tunkiyar da ta haifi tagwaye. Muryarta kamar daga nesa take zuwa.

Shekarar ƙarshen mulkin farar hula ruwa ya ɗauke, gero bai nuna ba. Mijina ya tafi Kudu neman aiki, shiru. Abinci ya fita raina. Ran nan Goggo ta ƙi rerawa.

"Ɗiyata, yau ke za ki yi. Mi kinka gani makon ga?"

"Hanya kawai, Goggo."

"To, waƙe hanyar."

Na fara, mata suka karɓi amshi. Sai kukan da na riƙe tun tafiyarsa ya ɓalle. Goggo ta turo mini ƙwaryar fura, na sha.

Mijina ya dawo da bazara, ita kuwa ba ta ga damina ba.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Goggo, yadda kika sanyaya mini zuciya.