Ƙwaryar Kulsumu Mai Nono

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun shekarar da cutar bushiya ta kashe shanu na san ki, Kulsumu, ga shi ranar Talata uku ga Rajab labari ya iske ni Ƙaura Namoda cewa kin rasu a Birnin Tsaba. Zazzaɓi ne, hanyar asibiti kuma ba mai iya binta saboda mutanen daji. Ban yi boko ba. Ina faɗi, ɗiyata Laila tana rubutawa.

A waccan shekara saniya ɗaya ta rage miki. Da madararta kika riƙe irin nonon da kika gada wurin mahaifiyarki: kullum ki rage ludayi guda na jiya, ki zuba a madarar yau. Shekara arba'in da 'yan kai, ƙwaryar nan ba ta ga sabulu ba.

Bara na sha ƙwayoyin asibiti, ciwo ya tafi, zawo ya zauna. Na rame har ana rage murya in an shigo ɗakina. Kika aiko Ɗanasabe direba da kindirmo, da saƙo: "Ka ce wa Malam Uba ya sha, ya bar gardama." Kwana tara na koma masallaci da ƙafata.

Laila, da ke aikin jinya, ta ce akwai ƙananan halittu masu amfani a hanjin mutum, maganin ya kashe su tare da na cuta, nononki, da ke ɗauke da irinsu, ya taimaka suka dawo. Na ce ban yarda da abin da ban gani ba. Amma tun Talata nake tunani: in dai masu rai ne, yunwa na kashe su. Wa ya zuba wa na cikin ƙwaryarki madara? Gobe sadakar uku, kuma na san matan gida, duk ƙoren mamaci sai sun wanke su tas. Tsoro nake ji, Kulsumu. Mutane sun watse, shanu sun tafi, wannan kaɗai ya rage.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba Faruku ɗanki da sauran dangi haƙuri.

Laila ta ce hanyar Zurmi da ake bi zuwa Birnin Tsaba ba ta tsoho ba ce, satin nan ma an tare ta. Na ji. Gobe in na sallame asuba zan shiga motar farko da gorar madara a hannu, in isa kafin matan gida su ɗebo ruwa.