Ƙwallon Bukar da ba a gani ba a Damagaram

Har gobe ba zan manta da wata ranar Asabar ta tsakiyar bazara ba, ina shekarata ta biyu da kama aikin kula da na'urori a wata cibiyar matasa a nan Gure. Ku da kuka shigo aikin a bayana nake ba labarin, don na ga kun ɗauko halina. Da hoto ya tsaya, tun ba ku duba komai ba sai ku ce rezo ne, wato layin intanet ne ya yi rauni.

An shirya gasar ƙwallon ƙafa ta odinatar, wato kwamfuta, wadda ake bugawa da maneti, ɗan abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a hannu. Kowane gari zai fid da gwaninsa, a haɗu a Damagaram. Ƙa'idar masu gasar ita ce a watsa wasan ƙarshe kai tsaye ta intanet, alƙalansu na can suna kallo, don kada wani gari ya turo ɗan wani babba ya ce shi ya ci. Abin da ba su gani da idonsu ba, ba su karɓa. Kuma a ranar ake rufe sunaye.

Ɗaya daga cikin biyun da suka kai wasan ƙarshe shi ne Bukar tela, magidanci mai ƴaƴa biyu. Shan inna ta taɓa masa ƙafa tun yana yaro, bai taɓa shiga fili ba, amma in ya riƙe maneti sai ka tausaya wa abokin karawarsa. Ya taɓa ce mini ko sau ɗaya ne yana so a kira shi ɗan wasan Gure.

Daraktan cibiyarmu ya gayyato manyan baƙi, kuma kun san mu, ba a zaunar da manya gaban tebur tsirara. Ni da hannuna na tura akwatin odinatar ƙarƙashin teburin, na manna shi da bango, na shimfiɗa zane mai kauri har ƙasa don kada a ga wayoyi. Na ja da baya na kalla, na yaba wa kaina.

Ga wanda bai san aikin ba, hoton da ke motsi hotuna ne masu yawa da ke bin juna. Odinatar ce ke gudanar da wasan, ita ce kuma ke ƙunshe hotunan ta tura. Suna iya zubewa a hanya in rezo ya yi rauni, suna iya zubewa tun cikin na'urar in aiki ya fi ƙarfinta. Manhajar watsawa tana nuna lissafin kowanne daban. Duk na san wannan, an koya mini.

Da safe na gwada, komai lafiya. Aka fara wasa bayan azahar, ɗakin ya cika, zafi kamar a tanda. Ba a jima ba aka kira ni daga Damagaram, hoto yana tsalle, yana tsayawa. Na dubi allon ƴan wasa, na ga wasan na tafiya sumul, sai na yanke hukunci rezo ne. Na sa kowa ya cire wayarsa daga intanet ɗin cibiya. Na rage nauyin hoton da nake turawa. Na koma kan layin wayata, na rataye ta a taga. Ko sau ɗaya ban buɗe shafin lissafin nan ba.

Ya Falmata, sakatariyarmu, tana zaune a ƙarshen teburin tana rubuta sakamako. Ta yafuto ni ta ce, “Malam Sani, akwatin nan naka fa yana ƙona mini ƙafa, ga shi sai ƙugi yake kamar injin niƙa.”

Na ce, “Ya Falmata, ki bar mini aikina. Rezo ne.” A gaban mutane na faɗa, matar da ta kusa haifata. Ta koma kan rubutunta.

Ana ɗaya da ɗaya, saura kaɗan a tashi, Bukar ya jefa ta biyu. Ɗaki ya kaure da ihu, aka ɗaga shi sama da kujerarsa. Sai wayata ta yi ƙara. Alƙalin ya ce, “Mun ga ɗaya da ɗaya, sai muka ga biyu da ɗaya. Abin da ke tsakani ba mu gani ba.” Na ce ya yi haƙuri, na naɗi wasan a cikin odinatar, yanzu zan turo.

Na buɗe abin da na naɗa. Shi ma tsalle yake, kuma daidai wurin ƙwallon ya tsaya cak. Abin da aka naɗa cikin na'ura ba ya bin ta rezo. Na ɗaga zanen, wani huci ya buge ni a fuska, akwatin ko taɓuwa ba ya yi. Odinatar in ta yi zafi rage gudu take don kada ta ƙone, sai ta riƙe wasan ta saki hotunan. Na jawo ta waje na kunna mata bantilata, wato fanka, kafin baƙi su gama shan ruwa ta dawo daidai. Muka roƙi a sake wasan, suka ce an rufe.

Darakta ya tambaye ni me ya faru. Na ce rezo ne. Kowa ya yarda, har Bukar, wanda ya ce Allah bai nufa ba, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ya Falmata kaɗai ta dube ni.

Kwana bakwai abin na cina, sannan na je shagon Bukar na faɗa masa gaskiya duka. Ya tsayar da keken ɗinki. Ya ce, “Malam Sani, da ka bar ni da rezon. Shi ba mu haɗuwa a masallaci.” Ya yafe mini daga baya, amma bai ƙara riƙe maneti a cibiyarmu ba.

Abin da na koya ke nan. A aikin nan akwai laifin da kowa zai yarda da shi ba tambaya, shi ya sa shi ne na ƙarshe da ya kamata ku ambata. Ku duba lissafi, ku taɓa na'ura da hannunku, ku saurari wanda ke zaune kusa da ita ko da bai san sunan ko waya ɗaya ba. Ni daƙiƙa guda ta ishe ni in ɗaga zane, ban ɗaga ba, kuma Bukar bai je Damagaram ba.