Ranar da Goggo Ta Shanye Shaidar Gonarmu

Ko zan manta komai a duniya, safiyar da goggona ta shanye shaidar gonarmu ba za ta fita raina ba.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a Magariya. Maigidana ya sayo mini na'urar karanta littattafai, shafaffiya kamar allo, da ɗan alƙalaminta na rubutu a kan gilashin. Wallahi na ji kaina da ita. Kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, na yi musu sallama, har tausayin masu amfani da su nake ji.

Da hutu na je ƙauyenmu wajen Dungas, na tarar da Baba kwance. Ciwon bai dame shi kamar iyakar gona ba, don maƙwabcinmu kowace damina sai ya ɗan matso. Na miƙa masa na'urar. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ina tawadar?" Na ce ba ta buƙata. Ya ce, "To, Allah ya kyauta." Ya yi bisimilla, ya rubuta iyakar da ajami, shafi guda cur. Bayan girbi ya rasu. Ban kwafe shafin a takarda ba, ban tura shi ko'ina ba. In kwafa don me? Ai ina da na'ura.

Gab da damina maigari ya sa ranar raba gardama. Na hau kabu-kabu na iso da shaidata a jaka. Da safe na buɗe shafin na ƙara dubawa, na aje a kan tabarma, na shiga wanka.

Goggo yayar Baba ce. Ba ta karatu, amma ta san hannunsa, don shekara da shekaru shi ke yi mata rubutun sha a allo in ciwon kanta ya tashi. Ina fitowa na same ta zaune da ƙwarya tana goge baki. Na'urata na cikin ƙwaryar.

"Goggo, me kika yi?"

"Rubutun marigayi na gani. Tun da ya tafi kan nan bai bar ni ba." Ta dubi ƙwaryar. "Allon naki taurin kai gare shi, ƴar nan. Na wanke, na wanke, ya ƙi fita. Sai da na jiƙa shi."

Na tsamo ta, gilashin fari fat. Ta ce, "Yanzu kam ya fita."

Ban yi kuka nan take ba. Na tura na'urar cikin buhun gero, don na ji an ce yana tsotse ruwa. Har yau ba ta farka ba.

A ƙofar maigari aka ce in kawo rubutun. Na ce an sha. Maigari ya ce, "An me?" Na nuna Goggo. Ya dube ta, ya ce, "To, Hajiya, tunda shaidar na cikinki, ko za ki ce wani abu?"

Ta ce, "Iyaka? Ai da ni aka yi ta. Ni na riƙe wa babanmu fartanya."

Ta miƙe da sandarta, muka bi ta har gona. Ta wuce wani gawo da ke gonar, ta ƙirga taku, ta tsaya tsakiyar inda maƙwabcin ya share. Ta ce a tona, akwai dutsen niƙa da ya fashe shekarar aurenta, nan ita da babansu suka binne shi ya zama alamar iyaka. Aka tona. Ga dutse nan rabi biyu. Maƙwabcin ya ce dama shi ma yana shakka.

A hanya na ce, "Goggo, me ya hana ki faɗa tuntuni?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ke allonki kike kallo."

Gona ta dawo. Amma hannun Baba na ƙarshe ya tafi, kuma har gobe abin na ci mini rai. Da na tambayi Goggo ciwon kan nata, ta ce ya yi sauƙi.

Tun ranar, abin da ba na so in rasa ina kwafe shi a kaye. Kuma kafin in buɗe kowace irin na'ura, sai na fara tambayar tsohuwar da ke zaune kusa da ni.